Fim ɗin soyayya mai ban dariya: tsofaffin Turawa, na Indiya, na Koriya ko sabbin Netflix, wanne za ka kunna?

Ka dawo a gajiye, ba ka son na harbe-harbe ba ka son na tsoro, kawai abin da zai sa ka dariya ya kuma ɗan taɓa maka zuciya kake nema, sai ka ɗauki rimot ko waya ka yi ta sama da ƙasa har minti 40 ba ka tsayar da komai ba. Ƙarshe ka kunna wani don fostarsa ta yi kyau, bayan awa biyu ka kashe da takaici. Abin nan ya sha faruwa da ni, kuma yana min ciwo don ina son irin waɗannan finafinan sosai, shi ya sa na zauna na rarrabe su gida huɗu yadda mutum ya fi cin karo da su: tsofaffin Amurka da Ingila, na Indiya, na Koriya ta Kudu, sai sabbin da ake yi don manhajojin kallo irin su Netflix.

A fim ɗin soyayya mai barkwanci kowa ya san ƙarshe. Tun daga fosta ka ga su biyu ka san za su daidaita, to ba a nan gizo ke saƙar ba, hanyar da aka bi da kai ita ce abin dubawa.

Ma'aunin da nake auna su da shi

Na farko kuma babba, shingen da ya raba su. Tunda mun san za su haɗu, duk fim ɗin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, me ya hana su haɗuwa tun minti 20 na farko? In amsar mai nauyi ce, kamar hali da ya saɓa, ko tsoron da wani ciwo na baya ya bari a zuciya, ko iyaye, ko tazarar arziki, to za ka zauna ka bi su da zuciya ɗaya. In kuma amsar ita ce ta hango shi yana hira da ƙanwarsa ta ɗauka budurwa ce ta yi fushi ta kashe waya, wallahi nan take fim ya mutu a wajena, don matsalar da kira ɗaya zai warware ba ta kai a gina awa biyu a kanta ba. Kusan duk wanda ya taɓa ba ni haushi, in na bi diddigi, nan ne ya yi tuntuɓe.

Na biyu, jinin jarumin da jarumar ya haɗu ko bai haɗu ba. Wannan kuɗi ba ya saye, kyau ma ba ya kawo shi. Ana gane shi ne a yadda ɗaya yake sauraro in ɗayan na magana.

Na uku, daga ina dariyar take fitowa. Wadda ta fito daga halin mutum tana daɗewa, wadda kuma aka ɗauko daga faɗuwa a kan matakala ko zubar da abu a riga sau ɗaya take aiki.

Sauran huɗun na lissafi ne: abin da zai ci maka na lokaci da data da kuɗin wata, ko yana jure maimaici bayan shekaru, sauƙin samu da sauƙin bi, sai hatsarinsa, wato ta inda zai iya ba ka kunya ko ya ɓata maka rai.

Tsofaffin Amurka da Ingila

Ina nufin waɗanda aka yi daga wajen 1989 zuwa farkon shekarun 2000. Asalin salon ya girmi haka nesa, It Happened One Night na 1934 ma ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda 5, amma waɗannan shekarun ne kasuwar ta fi ci. Dalilin a fili yake, kuɗi kaɗan riba mai yawa. Pretty Woman na 1990 an kashe masa kimanin dala miliyan 14 ya dawo da sama da miliyan 460, My Big Fat Greek Wedding na 2002 kuma dala miliyan 5 ya dawo da sama da miliyan 360. Tunda babu fashe-fashe da za a jawo mutane da su, dole ƙarfin ya koma kan rubutu da 'yan wasa, kuma hakan ne ya yi musu rana.

Ɗauki When Harry Met Sally na 1989 wanda Nora Ephron ta rubuta. Babu mugun uba, babu kishiya, babu hatsarin mota. Mutum biyu ne suka haɗu a tafiyar mota daga Shikago zuwa Niyok, shi yana ganin namiji da mace ba za su taɓa zama abokai zalla ba, ita kuma ta tsani yadda yake kallon rayuwa, aka yi shekara 12 ana haɗuwa ana rabuwa. Shingen a cikin kansu yake, shi tsoro da baƙin tunani bayan aurensa ya mutu, ita tsare-tsare da ƙin yarda cewa abu ya yi mata ciwo. Dariyar duk daga nan take fitowa, shi ya sa ko ka san kowace magana in ka sake kallo sai ka dara. Kuma duka minti 96 ne. Notting Hill na 1999 ma haka, mai ƙaramin shagon littattafai a Landan da shahararriyar 'yar fim, tambayar ita ce shin talaka mai son zaman lafiyarsa zai iya rayuwa da wadda 'yan jarida ke kwana a ƙofarta, kuma tambaya ce ta gaske da babu kiran wayar da zai amsa ta.

Ta fuskar lokaci su ne mafi araha, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka gama. Jure maimaici kuwa nan ne aka ce da tsohuwar zuma ake magani. Inda suke da wahala shi ne Turancin yana da sauri kuma rabin dariyar a cikin wasa da kalmomi take, in ka rasa jimla ɗaya ka rasa abin dariyar, sannan a warwatse suke, yau suna wannan manhaja gobe an ɗauke su an kai wata.

Hatsarinsu biyu ne. Akwai maganganu da sin-sin ɗin da ba za ka so ka kalla kusa da iyaye ko yara ba, har a cikin mafi kyawunsu, don haka a duba shekarun mai kallo da aka rubuta a jikin fim kafin a kunna a falo. Na biyun kuma wasu sun tsufa ta wajen ɗabi'a. A You've Got Mail na 1998 jarumin ya durƙusar da shagon jarumar, ya gano ita ce wadda suke musayar saƙo a intanet, ya ɓoye mata ya ci gaba da juya ta har ƙarshe. Tom Hanks da Meg Ryan jininsu ya haɗu sosai har mutum ya kan manta, amma in ka natsu ka duba abin da aka yi mata ba ƙarami ba ne, kuma fim ɗin bai sa shi ya biya bashin yadda ya kamata ba. Wannan salon na a gina soyayya a kan ƙarya sannan a wanke da gudu zuwa filin jirgi ya yi yawa a cikinsu, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne ko a fim.

Na Indiya

A nan ne shinge ya fi nauyi, don soyayyar ba ta mutum biyu kaɗai ba ce, akwai uba akwai dangi akwai alkawarin da aka ɗauka tun yara suna ƙanana. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya tsaya ne a kan abu ɗaya, saurayin ya ƙi guduwa da yarinyar duk da ta yarda har mahaifiyarta ta ba su hanya, ya ce sai uban ya ba shi ita da hannunsa. Wannan ƙin guduwar ne ya ba rabin fim na biyu ƙarfi, don kowane abin dariya da yake yi a gidan akwai fargaba a ƙarƙashinsa. Silimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta yi ta nuna shi har ya cika mako 1,000 a 2014, in ana maganar jure maimaici ba na jin akwai shaidar da ta wuce wannan.

Amma wanda na fi so in ba wa mai neman dariya da soyayya daidai wa daida shi ne Jab We Met na 2007 na Imtiaz Ali. Attajiri matashi da duniya ta yi wa zafi ya faɗa jirgin ƙasa bai san inda za shi ba, ya haɗu da yarinya mai surutu da ba ta gajiya, ta dawo masa da son rayuwa. Daga baya abin ya juye, ita ta karye shi ya zama mai ɗaga ta. Kareena Kapoor ta sa surutun ya zama hali na gaske mai tushe, ta yadda lokacin da ta yi shiru sai ka ji shirun a ƙirjinka. Abin da nake nufi da dariya daga hali kenan.

Kuɗin fim ɗin Indiya lokaci ne, awa biyu da rabi zuwa uku, wani ya haura. Waƙoƙin ga wasu su ne daɗin, ga wasu kuma tsaiko ne, ni dai ina ganin in waƙa ta matsar da labari gaba ko ta faɗi abin da bakin jarumi ya kasa faɗa to ta biya kuɗinta, in kuma an saka ta ne don a nuna dutsen ƙanƙara da kaya kala 6, wucewa nake. Sauƙin bi kuwa ba a magana, ko sabtaitil ya yi rauni fuska da kiɗa za su gaya maka inda aka dosa, kuma yawancin na da ana iya kallonsu da iyali, sabbin ne sai an duba.

Ta inda suke ba da haushi: ana tsara su ne da hutun rabin lokaci, to da yawa kafin hutu dariya ce zalla, bayan hutu sai a koma kuka da asibiti da faɗa, kamar an haɗa finafinai biyu da ba su san juna ba. In dariya ka zo nema za ka ji an yaudare ka. Sai kuma wani abu da ke damuna ƙwarai, yadda wasu ke nuna naci a matsayin so, yarinya ta ce a'a sau 10 yana bin ta makaranta yana bin ta gida har ta gaji ta yarda, a sa kiɗa mai daɗi a ce soyayya ce. An ce so hana ganin laifi, amma mai kallo ya kamata ya gani.

Na Koriya ta Kudu

Suna da finafinai na zama ɗaya, My Sassy Girl na 2001 shi ne ya fi fice, kuma darasi ne a kan haɗuwar jini, don Amurkawa sun sake yin sa a 2008 da kusan labari iri ɗaya amma bai yi armashi ba, ko silima bai samu shiga ba a can sai faifan DVD. Sai dai yau in an ce na Koriya yawanci masu dogon zango ake nufi, kashi 16 ko 12, kowanne awa ɗaya ko fiye.

Tsawon nan shi ne ƙarfinsu shi ne kuma rauninsu. Ƙarfin shi ne suna da haƙuri, sai a yi kashi 6 ko 8 kafin a riƙe hannu, kuma saboda an ja maka rai ƙaramin abu sai ya zama babba, ya ba ta lema a ruwan sama kawai amma ka ji zuciyarka ta buga. Babu gidan da ya kai su iya wannan. Sannan suna ba ƙananan 'yan wasa haƙƙinsu, abokai da maƙwabta da abokan aiki kowa da labarinsa, sau da yawa ma su ne ke ɗauke da dariyar. A Crash Landing on You da aka fara a ƙarshen 2019, guguwa ce ta kwashi wata attajira daga Kudu tana shawagi da lemar sama ta jefa ta Koriya ta Arewa hannun wani kyaftin ɗin soja. Shingen nan iyakar ƙasa ce da sojoji da waya mai ƙaya, babu wanda zai ce me ya sa ba su yi magana kawai ba, kuma sojojin da ke ƙarƙashinsa da matan ƙauyen su ne suka fi sa ni dariya. Jaruman biyu, Hyun Bin da Son Ye-jin, sun yi aure da gaske a 2022.

Raunin kuma, wajen awa 20 za ka ba shi, da data mai yawa, da barcin da za ka rasa don kowane kashi a kan gaɓa ake yanke shi. In ya ba ka kunya a kashi na 13 asarar ta fi ta fim ɗin awa biyu nesa ba kusa ba, kuma daidai wajen nan suka fi yin tuntuɓe. Masoyan sun riga sun daidaita tun kashi na 10, saura 6 a cike, sai marubuci ya fara ƙirƙiro shinge na ƙarya: ya rabu da ita wai don ya kare ta ba tare da ya gaya mata dalili ba, ko mota ta buge wani ya manta komai, ko a gano ashe sun taɓa haɗuwa suna yara. Ga tallan kaya da ake cusawa a tsakiyar labari. Shi ya sa nake ganin masu kashi 12 irin Business Proposal na 2022 sun fi tsira, ba su da filin yin jan ƙafa. Dole ne kuma idonka na kan sabtaitil, ba a kallonsu ana wani aiki. Wajen kunya dai su ne suka fi sauƙi, mafi yawan waɗanda aka yi don talabijin suna da kamun kai. Maimaici kuwa da wuya, sai dai mutum ya koma ya zaɓi sin-sin ɗin da yake so.

Sabbin manhajojin kallo

Bayan kasuwar DVD ta faɗi, manyan kamfanonin Hollywood suka karkata ga finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki da ake yi kashi-kashi, irin wannan fim mai matsakaicin kuɗi ya ja baya a silima. Netflix ta ga giɓin ta shiga da ƙarfi a 2018, shekarar da ta saki Set It Up da To All the Boys I've Loved Before, kuma su biyun suna da kyau, musamman na farkon inda ma'aikata biyu da iyayen gidansu suka hana su numfashi suka ƙulla haɗa iyayen gidan soyayya don su samu hutu. Hirarsu tana da irin zafin ta tsofaffin.

Su ne mafi sauƙi ta kowace fuska, suna gabanka, minti 90 zuwa 110, harshe mai sauƙi, sabtaitil a harsuna da yawa, in kana biyan kuɗin wata babu ƙari. Matsalar yawa ce. Ana fitar da su kamar daga injin, a ɗauko fuskoki biyu masu kyau a sa su soyayyar ƙarya don a ba wani haushi, ko a mayar da 'yar birni ƙauye lokacin hutu, shingen ba shi da nauyin komai, bayan kwana 3 ko sunan jarumar ba za ka tuna ba. In ɗaya ya karɓu kuma sai a yi masa na 2 da na 3, alhali labarin ya ƙare tun ranar da suka daidaita, dole a sake raba su da dalilin da bai kai ba. Wajen abin kunya ba su da tabbas ko kaɗan, wani na 'yan makaranta ne mai tsabta wani kuma ya fi tsofaffin buɗewa, fosta ba za ta gaya maka ba.

Ga su a jere

| Ma'auni | Tsofaffin Turawa | Indiya | Koriya | Sabbin manhaja |
|---|---|---|---|---|
| Shinge | hali, wani lokaci ƙarya | iyaye da dangi, mai nauyi | mai ƙarfi da farko, yana saki a ƙarshe | sau da yawa mara nauyi |
| Dariya | a cikin hira | kafin hutun rabi | daga ƙananan 'yan wasa | sama-sama |
| Lokaci | awa 1 da rabi zuwa 2 | awa 2 da rabi zuwa 3 | awa 12 zuwa 20 | ƙasa da awa 2 |
| Maimaici | sosai | sosai | da wuya | kaɗan ne |
| Sauƙin bi | sai da kunnen Turanci | mai sauƙi | sai da sabtaitil | mafi sauƙi |
| Hatsari | sin ɗin kunya | ya rikiɗe ya zama kuka | jan ƙafa | mantuwa da wuri |

To wanne ne naka

In dare ɗaya gare ka kuma dariya ta gaske kake so, wadda za ka tuna gobe a wajen aiki ka yi murmushi kai kaɗai, je ka ga tsofaffin, ka kunna sabtaitil ko da kana jin Turanci, ka kuma kalla kai kaɗai ko da matarka ko mijinki.

In da iyali za a zauna, ko kuma kana son ka yi dariya ka yi ƙwalla a zama ɗaya, na Indiya ne, amma a fara da wuri don kar barci ya kwashe mutane kafin uban ya sauko.

In hutu ka samu na kwanaki, ko kana jinya a kwance, ko kana cikin wani yanayi da kake buƙatar abin da za ka riƙa komawa gare shi kullum da yamma, na Koriya zai riƙe ka. Fara da mai kashi 12. Mai jarrabawa a gaba ko aikin da ake jira kar ya soma.

In kuma kanka ya cika ba ka son abin da zai sa ka tunani, kana ninke kaya ko kana jiran barci, sabbin sun isa, kawai ka ba shi minti 20 na farko, in har lokacin ba ka iya faɗin abin da ya hana su biyun haɗuwa a jimla ɗaya mai ma'ana ba, kashe ka nemi wani.